Na naɗi waƙar rok a ɗakina, ku saurara ku gaya min ko monita (sifikar situdiyo) ce matsalata

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina fama da waƙag ga, yau dai nac ce bari in sako ta ku ji, in ba haka ba sai in tsufa ina murɗe-murɗe. Rok ce mai nauyi, irin wadda jita ke gurnani, amma baitocin da Hausa nay yi su. Ko suna ban sa mata ba tukuna.

Jitar ta gwanjo ce, wani abokina yak kawo min daga Legas. Ina shigar da ita tsohuwar laftof ta hanyar ƙaramar na'urar shigar da sauti, Behringer UMC22, ina aiki da manhajar naɗi Reaper. Ba ni da amfilifaya, manhaja ke kwaikwayon ta, gangunan ma na kwamfuta ne. Bes kuwa, wato jita mai kaurin sauti, aro nay yi na kwana biyu. Abin da nike saurare da shi hom tiyata ne da yayana yab bar min, wufarsa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, na lungu.

Ga damuwata. Cikin ɗakina, in na kunna ta kamar bango zai tsage, har ƙwaryar da ke kan tebur rawa take. Jiya munka kunna ta cikin motar abokina hanyar Wamakko, wallahi sai da naj ji kunya, ta koma siririya kamar wadda ta yi jinya. Na yanke shawarar sayen monita, ko Yamaha HS5 ko KRK Rokit 5. Kuɗin ba su kai ba, amma in ta kama sai in sayar da babur. Wace ce ta fi dacewa da rok?

Na Gagi:
Wa alaikumus salam. Na saurara a waya. Ɗan'uwa, Allah ya sani ban ji jita ba, zuma na ji an rufe a tulu. Ka sa mata suna Zuma a Tulu kawai mu huta.

Ɗan Mabera:
Allah ya shirye ka Na Gagi.

Mai Bit Arkilla:
Kar ka kula shi, shi ko tafi bai iya a kan kiɗa ba. Waƙar tana da jini a jika, musamman wurin da ganga ta tsaya jita ta shigo ita kaɗai. Amma hom tiyata? Haba malam. Wannan ai don kallon fim aka yi shi, an gina shi ne ya yi maka ƙarya mai daɗi. Ka sayi KRK. Shekara biyar ina aiki da ita a manhajar FL Studio, waƙoƙin biki da na 'yan hip hop duk a kanta nake gamawa, ba wanda ya taɓa dawo min da aiki. Yamaha bushewa gare ta, ka yi awa biyu a gabanta kunnenka zai yi zafi.

'Yar Runjin Sambo:
Ni dai tallar rediyo nake ɗauka, ban san rok ba, amma sau uku na maimaita baiti na biyu ban kama ko kalma biyar ba. Yaya, in ka sha wahalar rubuta waƙa da Hausa, ai ka bari mu ji Hausar. Muryarka tana can ƙasa kamar wanda ya faɗa rijiya yana kiran a kawo guga.

Baba Injiniya:
Yaro, kada ka sayar da babur. Na saurara da abin kunne, sannan na saurara ga ƙaramar rediyon da nike jin labarai da ita. Kahin in ce komi, amsa min: ɗakin nawa ne faɗi da tsawo, mi ke ƙasa, kuma ina kake zama in kana aiki?

Ɗan Mabera:
Baba barka da dare. Sha biyu sha biyu ne, irin ɗakunan haya. Tayil ne ƙasa, bango siminti, sama silin da kwano. Zama kuma daidai ƙarƙashin fanka, don nan kaɗai ne mutum ka iya numfashi cikin watan Afrilu.

Baba Injiniya:
To ka ga ɓarawon. Fanka tsakiyar ɗaki aka kafa ta, ke nan kai ma tsakiyar ɗaki kake, kuma ɗakin murabba'i ne. Shekara ashirin da wani abu nay yi ina riƙe da na'urar haɗa sauti gidan rediyo, ban ga wurin zama da yaf fi wanga muni ba. Sauti mai kauri ba ya wucewa ya tahi, bango yake bugu ya komo ya haɗu da ɗan'uwansa. Wani wuri su taru su yi tsauni, wani wuri su kashe juna. Kai kana zaune kan tsauni, ga wufa a lungu tana ƙara zuga, sai kunnenka ya ce maka kauri ya yi yawa, kai ko ka bi ka yanke shi daga jita da bes. Kaurin da kake ji na ɗaki ne, ba ya cikin waƙar. Shi ya sa da anka fitar da ita daga ɗakin tat tsaya tsirara.

Ka kawo monitar da ta fi kowace tsada duniya ka aje wurin nan, ɗakin zai yi mata abin da yay yi wa hom tiyata.

Ɗalibin Fiziks:
Baba ya yi gaskiya, bari in sa lissafi a kai. Gudun sauti a iska kusan mita 343 ne a daƙiƙa. Ƙafa 12 mita 3.66 ce. Ka raba 343 da ninki biyu na tsawon, ka samu kusan 47 Hz, wato karkarwar sauti sau 47 a daƙiƙa. Wannan shi ne amon farko da ɗakin ke riƙewa, sai na biyu 94, na uku 141. Da ɗakin 12 ne a 15, da tsawo yana da nasa, faɗi yana da nasa, sai matsalar ta rarrabu. Naka duka biyun a lamba ɗaya suka sauka.

A tsakiyar ɗaki 47 ɓacewa yake, 94 kuma can ne yake cika. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kan 82 Hz, in ka danna ta a gaɓa ta biyu tana wajen 92. Wato daidai inda jikin jitar rok yake, nan ɗakin ke yi maka kumfa.

Ƙarin bayani wanda ba a tambaye ni ba: 343 ɗin nan na yanayin digiri 20 ne. A zafin Sakkwato na digiri 40 gudun yana kaiwa wajen 355, sai lambobin su ɗan haura. Ɗakinka ma canza murya yake tsakanin hunturu da bazara.

Na Gagi:
Mun shigo jin kiɗa an kai mu Jami'ar Danfodiyo ba tare da mun cike fom ba.

Mai Bit Arkilla:
Baba, da girmanka, ban ƙi maganar ɗaki ba, amma kar a sa yaron nan ya zauna da hom tiyata. Abin nan wufa ce da 'yan ƙananan sifiku kamar gwangwanin madara, tsakaninsu akwai rami, kuma a ramin nan jita da murya suke zaune. Ko a filin Idi ka kai shi ƙarya zai yi. Shi ɗaki ai gyaransa ba wuya, ka je wurin masu ƙwai ka kwaso kiret ka manna a bango, an gama. Haka na yi nawa.

Baba Injiniya:
Maganar rami ka yi daidai, na ba ka. Kiret ɗin ƙwai kuwa, ɗana, kyankyasai kaɗai yake amfana. Ɗalibi, gaya mai tsawon igiyar sauti ɗaya ta 94.

Ɗalibin Fiziks:
Kusan mita 3.6, Baba. Ta 47 kuma ta haura mita 7.

Baba Injiniya:
To ka ji. Abin da yak kai tsawon ɗaki, kwali mai kaurin farce zai tare shi? Kiret na ɗan rage ƙarar sama, sai ɗaki ya yi kamar ya mutu, mutum ya zaci ya gyaru, alhali kaurin na nan shina yawo. Ga hatsarin gobara. Abin da ka shan kaurin sauti sai abu mai kauri da laushi: tsohuwar katifa a tsaye a lungu, buhun kayan gwanjo, bargo anka ninka anka rataye nesa kaɗan da bango, darduma bisa tayil. Ba zai warke duka ba, ɗaki murabba'i ba ya warkewa, amma za ka iya zama da shi.

Kuma tunda ka ce Yamaha bushewa gare ta, bari in ba ku labari. Akwai wata sifika tasu, NS-10, mai farin baki. 1978 anka fito da ita don sauraren kiɗa a gida, mutanen gida ba su so ta ba. Masu haɗa sauti sunka ɗauke ta, ta cika manyan situdiyo na Amurka da Ingila har anka daina yin ta a 2001. Tsininta ya kai wasu na rufe ƙaramin bakinta na sama da takardar tishu. Ba don daɗi sunka riƙe ta ba. Tsakiyar sauti take tonawa, in murya ta nutse ko jita ta yi ƙaiƙayi, ba ta rufa maka asiri.

Mai Bit Arkilla:
To ai Baba ka dawo kan maganata ke nan, ya sayi monita.

Baba Injiniya:
Ya saya ranar da aljihu ya yarda. Ba ranar da zai koma tafiya shago a ƙasa ba.

Na Ƙonni:
Ku yi haƙuri in shigo, ni ba injiniya ba ne, kaya nake ɗauka tsakanin Illela da Ƙonni. Amma jita mai gurnani ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Mdou Moctar ɗan Nijar ne, yau yana zagaya Turai da Amurka da jitarsa, kuma kowa ya san ta memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka fara yawo, daga waya zuwa waya. Wa ya ji shi a monita a lokacin? A tasha aka ji shi, a rumfar mai shayi, a sifikar waya da ƙura ta toshe. Ɗan Mabera, masu jin waƙarka su ne mu. In ba ta tashi a wayata ba, ba ruwana da abin da take yi a ɗakinka.

'Yar Runjin Sambo:
Wannan haka yake. Duk tallar da na gama sai na tura wa ƙanwata ta kunna a wayarta tana wanke-wanke. In ta iya maimaita min lambar wayar da ke cikin tallar, aiki ya yi.

Mai Bit Arkilla:
Waya alƙali ce ta ƙarshe, na yarda, amma ba a haɗa sauti a kanta. Sifikar waya ba ta fitar da kaurin bes sam. Dabarar ita ce ka kwafi bes ɗin gida biyu, ɗaya ka bar shi da kaurinsa, ɗayan ka yanke masa ƙasa ka ɗan ƙona shi da gurnani, sai ka haɗa. Wannan ƙaiƙayin na sama shi waya ke iya fitarwa, kunne kuma sai ya cike sauran da kansa. Da 808, kaurin gangar kwamfuta na 'yan hip hop, ma haka muke yi.

Sannan na jawo fayil ɗin na duba. Malam, bulo ka turo mana. Daga farko har ƙarshe a cike, ba hawa ba sauka. Spotify a wajen -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti, yake daidaita ƙarfin waƙoƙi, in ka matse taka har ta haura haka nesa, su za su rage ta, ka tashi ba ƙarfin ba numfashin. Sassauta limita, abin nan da ke matse ƙarfin sauti. Kuma in za ka turo ta WhatsApp, turo ta a matsayin dokimen, kar a matse ta a hanya mu zo muna zagin faranti, wato ƙarafan nan da mai ganga ke bugawa, ba laifinsu.

Baba Injiniya:
Saura biyu da naj ji. Daƙiƙa huɗu na farko kahin jita ta shigo, akwai ƙugi. Wutarmu 50 Hz take, kuma wanga ƙugin nata ne. Da mi kake ba laftof wuta lokacin naɗi?

Na biyu, jitar hagu da ta dama, sau biyu ka kaɗa ko kwafa kay yi?

Ɗan Mabera:
Baba kamar kana ɗakin. Wuta ba ta samuwa da dare unguwarmu, ƙaramin janareto nike tayarwa, caja na jiki. Batirin laftof ɗin minti arba'in yake yi.

Jita kuwa kwafa nay yi. Na ga wani a YouTube ya ce ka kwafa, ka tura ɗaya hagu ɗaya dama, ka jinkirta ɗayar kaɗan, sai ta yi faɗi.

Baba Injiniya:
Tana faɗi cikin abin kunne. Amma yawancin waya da rediyo da sifikar mai shayi baki ɗaya gare su, suna haɗe hagu da dama wuri guda. Abu ɗaya in ya haɗu da kansa a makare, wasu sassansa kashe juna suke, abin da ya rage shi ne zumar Na Gagi. Kaɗa ta sau biyu da hannunka. Ɗan bambancin da ke tsakanin kaɗawa ta farko da ta biyu shi ne faɗin gaskiya, kuma ba ya rushewa in an koma mono, wato baki ɗaya. Akwai maɓallin mono jikin babban layin Reaper, ka riƙa taɓa shi kamar yadda kake taɓa aljihu in ka shiga kasuwa.

Ka kuma rage gurnanin. Na san zuciya na so a murɗe shi ƙarshe, amma in ya yi yawa bugun tsinke ɓacewa yake, sai shuuu. Rage shi har ka ji kamar ya yi kaɗan, in ka jera biyu za su cika. Nauyin rok ba daga jita kaɗai yake hitowa ba, bes da babbar ganga ne ke ɗauke da ita. Ka taɓa tsayawa kusa da masu kalangu a filin dambe? Ba ƙara ce ke tayar da tsikar jiki ba, faɗuwar bugun wuri ɗaya ce.

Ƙugi kuma: cire caja, kashe janareto, kashe fanka, naɗi da batir. Minti arba'in ya isa jita biyu in ka yi bita tun da rana. In jitarka mai siraran maganaɗisu ce, riƙe ta ka juya a hankali kan kujera, za ka samu fuskar da ƙugin ya fi raguwa. Nan za ka tsaya ko da bango kake kallo.

Ɗan Mabera:
A kashe fanka. A Sakkwato. A watan huɗu. Baba, so kake a zo a tarar da ni na dahu.

Na Gagi:
Sai mu sa wa waƙar Dahuwa a Tulu.

'Yar Runjin Sambo:
Ni bayan asuba nake naɗi, kafin masu kabu-kabu su fito. Gari da sanyi-sanyi, ba janareton maƙwabta. Zakara ne kawai abokin gaba. Kuma Yaya, a kan murya: kar ka ɗaga ta kawai, nema mata wuri. Ka ɗan rage jita a wajen 2 zuwa 3 kHz lokacin da kake waƙa, nan baƙaƙe suke fitowa. Hausa tana da ƙ da ɗ da ts, in jita ta cinye su kalma ta tashi daga aiki.

Ɗalibin Fiziks:
Kafin ka taɓa komai ka yi gwaji ɗaya, don ka ji da kunnenka. A Reaper akwai abin fitar da amo tsantsa. Sa shi a 94 Hz, kar ka ƙure ƙarfi, ka zaga ɗakin a hankali. Sannan ka dawo da kujera wajen ƙafa huɗu da rabi daga bangon gaba, wato kusan kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin. Ba doka ba ce, wurin farawa ne. Sifiku biyu da kanka su zama kamar duwatsun murhu, nisa ɗaya, a daidai tsayin kunne. Wufa ta fito daga lungu.

Baba Injiniya:
Kuma ka rage ƙara. Tun 1933 Fletcher da Munson sunka nuna cewa kunne ba ya jin kauri da tsini daidai a kowane ƙarfi, in ka ƙure komi sai ya yi daɗi ko da banza ne. Yi aiki a ƙarfin da za ka iya magana da wanda ke gefenka ba ka ɗaga murya ba. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ka bayarwa shi ne desibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 lokacin ya rabu biyu. Ni kunnena na hagu kuka yake dare da rana shekara goma sha, ba wanda yag gaya min wanga ina yaro.

Ɗan Mabera:
Na dawo, kwana tara ke nan. Na yi gwajin amon nan. Ƙarƙashin fanka kamar an kifa min tukunya a kai. Da nat taka rabin hanya zuwa lungu sai ya kusa ɓacewa, har na waiga in ga ko sifika ta mutu. Na isa lungu ya dawo da ƙarfinsa. Ɗaki ɗaya, taku uku. Ƙanena ya leƙo ya gan ni ina zagaye a hankali da kai a karkace, ya je ya gaya wa Inna wai a zo a yi min addu'a.

Na ja tebur, na tsayar da tsohuwar katifar Inna a lungu ɗaya, buhun kayan sanyi a ɗayan, na shimfiɗa darduma. Jita na sake ta kwana biyu a jere bayan asuba, daga ni sai singileti da jiƙaƙƙen tawul a wuya, laftof bisa bulo biyu don ta sha iska, ina fuskantar ƙofar banɗaki don can ne ƙugi ya mutu. Gumi na sauka kan tsirkiya, yatsa na zamewa, sau goma sha ɗaya na maimaita ta dama. Gurnani na rage shi kusan rabi. Ga sabuwar nan, dokimen ce.

Na Ƙonni:
Na kunna ta a garejin Illela muna jiran lodi. Wani direba ya tambaye ni ko 'yan Agadas ne. Bes ya fito a waya yanzu.

'Yar Runjin Sambo:
Ashe baiti na biyu a kan mai ruwa da kurarsa ne a zafin rana! Yanzu na ji. Amma amshi na ƙarshe har yanzu faranti na cin muryarka.

Mai Bit Arkilla:
Ta gyaru nesa ba kusa ba, ban da bakin musu. Sai dai na kunna a KRK, wajen 250 Hz ya taru ya yi laka, bes da jita suna takun juna. Wannan ramin hom tiyatarka ne ya ɓoye maka shi, kuma ba katifar da za ta nuna maka. Don haka ina nan kan bakana. Ka zo Arkilla ranar Asabar bayan la'asar da laftof ɗinka, ka zauna awa biyu kyauta, ka ji da kanka.

Baba Injiniya:
Lakar na nan, na ji ta ni ma. Tahi ka saurara wurinsa, ka tahi da waƙa biyu na wasu da ka sani kamar yunwar cikinka, ka fara jin su kan sifikarsa kahin taka. Kai kuma Mai Bit, in zan biyo shi sai ka ɓanɓare kiret ɗin nan.

Mai Bit Arkilla:
Baba ka zo dai, shayi na wuyana. Kiret kuma sai mun zauna.

Ɗan Mabera:
Asabar in sha Allah, kuma bisa babur ɗina zan zo. Monita sai bayan babbar Sallah in an ga abin da ya rage. Faranti zan rage su daren yau in an kawo wuta.

Na Gagi, na duba sunayen da nar rubuta guda shida, ba wanda ya zauna. Na sa mata Zuma a Tulu. Kada ka tambaye ni kaso.